"Umma, zan je kallon langa": Me ɗanki zai samo a bakin fili?

Da zarar an kawar da masara da dawa daga gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai roƙon da iyaye mata a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka saba ji: "Umma, yau akwai gasa a filin firamare, zan je kallo." Wata rana ƙwallon ƙafa ce tsakanin unguwanni, wata rana langa ce tsakanin ɗaliban makaranta.

Ɗan naki ba ya cikin waɗanda za su fafata. Shi ɗan wasan ƙofar gida ne, irin yaran da ke kama ƙafa ɗaya su yi ta tsalle da abokansu kafin a kira su cin tuwo. Babu mai horar da shi, babu wanda ya taɓa rubuta sunansa a takarda. Kallo kawai yake so ya je.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakinki ita ce a'a. Kafin ki furta ta, mu duba abin da ke cikin wannan kallo, da sharuɗɗan da in sun cika za ki iya cewa "to" hankalinki kwance.

Tsoronki yana da tushe

Babu wanda zai ga laifin uwar da ke wannan yanki in ta hana ɗanta shiga taro. Ranar Juma'a da dare, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Sai ranar 17 ga watan aka sako yara 344. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, uwa ta koma ba ta iya kiran kowa ta ji inda ɗanta yake. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da Kaduna ta ɓangaren Birnin Gwari, dajin kuwa bai san iyakar jiha ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Sai dai akwai wata asara da ba a kawo ta a labarai. A da, langa wasan farin wata ne. Bayan sallar isha'i yara maza su fito dandali, manya su kafa nasu wasan, ƙanana su zauna gefe suna kallo, gobe su kwaikwaya. Haka wasan yake wucewa daga yaya zuwa ƙane, ba malami ba littafi. A garuruwa da yawa na wannan yanki fitar dare ta zama tarihi, wasu iyalan ma sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin gari inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar mutum takwas. Yaron da aka haifa shekara goma da suka wuce yana iya girma bai taɓa ganin gwanin langa da idonsa ba.

Jikinsa ma yana biyan kuɗin zaman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsa jiki har numfashinsa ya ɗaga. Yaron da ke tsakanin boko da Islamiyya da wayar yayansa da wuya ya cika wannan. Gasar rana da ake yi a cikin gari, a idon manya, tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda zai ga abin da zai sa shi tashi ya motsa.

Yadda wasan yake

Da yake langa wasan maza ne, wataƙila daga soro kika riƙa hango shi kina yarinya. Ga yadda yake a taƙaice, don ki fahimci labarin da za a kawo miki.

Kowane ɗan wasa yana lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafar ko ya faɗi, ya mutu, sai ya fita fili. Ana rabuwa gida biyu. Ana zaɓar mutum ɗaya a kira shi ruwa, aikinsa ya ratsa abokan hamayya ya kai wurin da aka yi wa alama. In ya kai, an ce ya sha. 'Yan ɓangarensa suna tsare shi suna buɗe masa hanya, ɗaya ɓangaren kuma ba abin da suke nema sai su kayar da shi. Ƙananan ƙa'idoji sukan bambanta daga gari zuwa gari, amma wannan shi ne ƙashin bayan wasan.

Langa ta wuce dandali tuni. Tana cikin wasanni biyar da Hukumar Wasannin Gargajiya ta Nijeriya ke kula da su, tare da dambe da kokawa da ayo da abula, kuma ana fafatawa a kanta a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. A can an kasa ta uku: ruwa, wanda muka bayyana, tureshi, inda ake neman ture abokin karawa, da kawoshi, inda ake neman jawo shi zuwa ɓangarenka. Wato abin da ɗanki ke yi yana tayar miki da ƙura a tsakar gida, akwai masu wakiltar jiharsu da shi.

Abin da ɗan wasan ƙofar gida ke gani

Wanda bai taɓa kama ƙafarsa ba, in ya je kallo hayaniya kawai zai gani: wannan ya faɗi, wancan ya tashi. Wanda ya taɓa yi kuwa, ko da wasa-wasa ne, ya san zafin da cinya ke yi bayan tsalle talatin. Saboda haka idonsa yana kama abubuwan da ke wuce sauran 'yan kallo.

Na farko, zai lura gwanaye ba sa tsalle mai tsawo. Shi da abokansa sun ɗauka wanda ya fi tashi sama shi ne gwani. A fili zai ga manyan suna yin gajerun tsalle kusa da ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, don mutum yana sama ne ake samun damar ture shi. Zai ga suna tsayawa su huta a kan ƙafa ɗaya ba tare da sun yi tangaɗi ba, suna adana numfashi har lokacin da ake bukatarsa.

Na biyu, zai lura da wanda aka ba ruwa. A ƙofar gida, wanda ya fi ƙarfi ko ya fi baki shi ke cewa "ni ne ruwa". A gasa sau da yawa ɗan siriri mai sauƙin jiki ake ba, masu ƙarfin su zama katangarsa. Wannan babban labari ne ga yaron da kullum ake barinsa a ƙarshe wajen zaɓe don ƙanƙantarsa. Zai ga cewa wasan yana da gurbin mai irin jikinsa.

Na uku shi ne haƙuri. Ruwa mai wayo ba ya fita da an busa usur. Yana laɓewa a bayan nasa har sai masu tsaron wancan ɓangaren sun ragu, ko hankalinsu ya tafi wani gefe, sannan ya zame ta inda ba a zata ba. Yaron da kika gaji da faɗa masa "ka riƙa bi a hankali" zai ga amfanin maganar da idonsa, a jikin wani da yake sha'awar zama kamarsa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, alƙalin wasa. Kin san yadda langar ƙofar gida ke ƙarewa: "Ka sauke ƙafa!" "Wallahi ban sauke ba!" Daga nan sai kokawa, sai kuka, sai a kawo miki ƙara. A gasa alƙali zai ce wa saurayi mai gemu ya mutu, ya juya ya fita ko da ransa bai so ba. Wanda aka kayar ya karkaɗe rigarsa ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. Ba kullum ake samun haka ba, amma ranar da aka samu, ɗanki ya ga yadda namiji ke faɗuwa a gaban jama'a ya tashi da mutuncinsa.

Akwai kuma abin da gidan kallon ƙwallo ba zai ba shi ba. A can yana biyan kuɗi ya zauna a benci, sau da yawa da dare, yana kallon 'yan wasan Ingila da Sifen a filin da ba zai taɓa takawa ba. A filin firamare, gwanin da ake yi wa tafi ɗan maƙwabta ne, shi ne mai kai kayan miya kasuwa ranar da take ci, ko mai koyon ɗinki a shagon bakin titi. Filin kuma shi ne wanda ɗanki zai taka gobe lokacin tara. Abin da ya gani yau, gobe zai gwada shi a daidai wurin.

Wani wasa daga nesa mai irin wannan hali

Akwai wani wasa a ƙasashen Turawa da ya ginu a kan wannan kusanci tsakanin gwani da ɗan koyo. Ana kiransa golf ɗin faifai. Maimakon ƙwallo da sanda, faifan roba ake jefawa, mai faɗin kimanin santimita 21, kamar murfin ƙaramar tukunya. Ana kafa kwandon ƙarfe a kan sanda, da sarƙoƙi rataye a samansa waɗanda ke tare faifan su zubo shi ciki. Mai wasa zai yi jifa daga inda aka shata, ya taka zuwa inda faifan ya sauka ya sake jifa daga nan, har ya shiga kwando. Fili yakan ƙunshi kwando 9 ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ya ci.

Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya kafa filin wasan na farko na dindindin a Jihar Kalifoniya a 1975, ya kuma kafa ƙungiyar 'yan wasan a 1976. Yau ana yinsa sosai a Amurka da Finlan da Suwidin. Yawancin filayensa a wuraren shaƙatawa na jama'a suke, saboda haka mutumin da ke zuwa da iyalinsa ranar hutu yana iya tarar da gasa a filin da ya saba. Ya bi gwanaye daga kwando zuwa kwando, ya ga yadda suke kewaye bishiyar da kullum ke tare masa faifai. Ladabin kallonsa ma abin koyi ne: ɗan kallo yana tsayawa a bayan mai jifa, ya yi shiru, ba ya motsi sai faifan ya bar hannu.

Ba sai kin sayi komai ba in kina son yaranki su ɗanɗana. Murfin bokitin fenti na roba da tsohon kwando ko baho sun isa. A ajiye kwandon a gindin bishiya, a shata wurin tsayawa, kowa ya ƙirga jifansa. Amfaninsa a gare ki shi ne ana yinsa da rana, a cikin gida ko lungu, babu ture-ture, kuma mace da namiji, babba da ƙarami, duk suna iya shiga. A dai kawar da tukunyar miya da jariri daga hanya.

Kafin ki ce "to"

Ba kowace gasa ce ta cancanci ɗanki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki yi waɗannan tambayoyi tun kwana ɗaya kafin ranar, ke da baban yara.

A ina za a yi? Filin makaranta ko fili da ke tsakiyar gari, inda gidaje suka kewaye, shi ne daidai. Filin da ke bayan gari, kusa da gonaki ko bakin daji, a haƙura da shi. In kuma gasar a wani gari ce, sai an hau mota ko babur, amsar a'a ce ko da abokansa duka za su. Hatsarin wannan yanki ya fi yawa a kan hanya tsakanin gari da gari.

Yaushe za a tashi? Gasar da za a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba ita ake so. Ki yanka masa sharaɗi a fili: kiran sallar magariba ya same shi a gida, ko an gama ko ba a gama ba. Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa Islamiyya a yawancin wurare, sun fi dacewa, don kada kallo ya ci karatu.

Wa ya shirya? In makaranta ce, malamai suna nan kuma sun san yaran. In matasan unguwa ne, a tambaya ko mai unguwa ya sani, ko an sanar da 'yan sanda ko jami'an rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Oktobar 2023. Gasar da ɗan siyasa ya sa wa kofi lokacin neman ƙuri'a tana bukatar ƙarin lura, don irin wannan taro yakan jawo ƙauraye, kuma rikicinsu ba ya tambayar wanda ya zo kallo kawai.

Da wa zai je? Yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba kada ya tafi shi kaɗai. A haɗa shi da yayansa ko kawunsa ko wani babba da kika yarda da shi, wanda ke da waya mai caji da kati. Ki ce masa kai tsaye: "Ga ƙanenka nan, amana ce, hannunka hannunsa har ku dawo."

Me zai yi in taro ya watse? Ki koya masa tun a gida. Kada ya tsaya neman takalmi, kada ya tsaya kallon abin da ya faru, kada ya yi hanyar bayan gari. Ya nufi gidan da kuka riga kuka ambata, na ɗan'uwa ko aminin babansa da ke kusa da filin, ya zauna can har a zo a ɗauke shi. Ki sa ya haddace lambar waya ɗaya.

Nawa ne a aljihunsa? Kuɗin ruwan leda da ɗan rake ko gyaɗa sun wadatar. A gefen fili akan samu masu cewa "sa ɗari in sa ɗari" a kan wanda zai ci. Caca daga irin wannan take farawa, kafin ta koma ta waya. Ki gaya masa sunanta, ki gaya masa hukuncinta a addini, kada ki bari sai wani ya nuna masa ita da sunan wasa.

In ɗanki yana da asma ko yawan tari, ƙurar fili lokacin hunturu tana iya tayar masa. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya sa takunkumi, maganinsa kuma yana hannun wanda ya raka shi.

Bayan ya dawo

Nan ne naki aikin yake. Kada tambayar ta tsaya a "wa ya ci?" Ki ce masa: "Wa aka ba ruwa? Ta ina ya bi ya sha? Wanda aka kayar, me ya yi?" Yaron da ya san za a tambaye shi yana buɗe ido sosai a karo na gaba. Ke ma ta bakinsa za ki gane irin mutanen da ke wurin da irin maganganun da ake yi, ki san ko za ki sake barinsa.

Ki sa rai gobe zai gwada duk abin da ya gani. Ki duba inda za su yi: kada ya zama gonar da aka girbe, don tsinin karan dawa yana huda ƙafa, kada kuma ya zama kan siminti ko kusa da rijiya da murhu. Su riƙa sauya ƙafa tsakanin zagaye don kada ɗaya ta ɗauki nauyin duka. Faso da kaushin hunturu kuma man kaɗanya da dare yana taimakawa. In ya faɗi wuri ya kumbura har ba ya iya taka ƙafar, a kai shi asibiti a duba, kada a ce targaɗe ne kawai a yi ta murzawa.

'Yan matanki ma suna da rabo a nan. Ke da kanki kin yi carafke da 'yar gala-gala da tsallen igiya, kin kuma san wace ce gwanar unguwarku a lokacin, don kin zauna kin kalli hannunta har kika iya kwashe duwatsu ba tare da na sama ya faɗi ba. 'Yarki ba ta da dandalin da kika samu. Ki haɗa kai da matan gidan da maƙwabta biyu ko uku, wata Alhamis da yamma a tara yara mata a tsakar gida mafi faɗi, manya su fara ƙanana su kalla, sannan a ba su fili. Kyautar ba sai ta wuce alawa ko ɗan kunne ba. In makarantarsu ta gayyaci iyaye ranar wasanni kuma maigida ya amince, ki je. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma yaron da ya hango mahaifiyarsa a cikin 'yan kallo ba ya mantawa.

Akwai ranar da labarin da ke yawo a gari zai sa dole ki ce a'a, kuma wannan a'a ɗin daidai ce. Ki dai faɗa masa dalili, ki kuma ce masa in an sake yi a cikin gari da rana zai je. In ranar ta zo ki cika alkawari.

A garinku, har yanzu ana langa? Wace dabara kuke bi wajen barin yara su je kallo? Ki ba sauran iyaye mata labari, wata za ta ƙaru da ke. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya.